Rakiya Zuwa Rafin Kanya

Mijina sunansa Aƙilu. Yau da na tsufa ina iya kiran sunan gatsau, amma a wancan lokacin Malam nake ce masa, in ya ɓata mini rai kuma in ce "kai wannan". Manomi ne a Mahuta kamar ubansa, dawa da auduga. Sai dai kafin ya aure ni ya bi fatake har Lakwaja, ya yi 'yan shekaru yana sauke kaya daga jiragen Nasara. Wannan tun kafin Nasara su ci ƙasar nan ne, lokacin da yawancinmu labarinsu kawai muke ji. Waɗanda suka je tare da shi sun dawo da gishiri da madubi da yadi. Shi kuwa bawan Allah ya dawo da Turanci cike da baki.

Kuma ba ƙaramin Turanci ba, irin na "zo" da "tafi" da "ɗauki". Wannan, in ji shi, ko jaki ya daɗe a bakin jirgi zai iya. Shi manyan kalmomi yake farauta, masu tsawo, waɗanda sai mutum ya ja numfashi kafin ya kai ƙarshensu. Wani akawu ɗan Saliyo ne yake ba shi su ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya haddace.

To a Mahuta wa zai yi wa Turanci? Ba kowa. Abokansa da ya fara sai su tashi su kakkaɓe riga. Ni ce ba ni da wurin gudu. Ina tsaye a kan turmi da la'asar, shi yana zaune a inuwar rumbu yana gyaran ƙotar fartanya, sai in ji:

"Shafa'atu, ce hos."

"Hos."

"Madalla. Mai masauki ke nan, wanda baƙo ya sauka a gidansa. To ce hosfitaliti."

"Haba Malam! Wannan ai tari ne, ba magana ba."

Sai ya yi dariya har fartanyar ta faɗi. Ya ce ma'anarta karrama baƙo, a ba shi ruwa da tuwo da tabarma. Daga nan sai ya shiga bayanin da ya fi so a duniya. Wai kalmomin Turanci haihuwa suke yi. Ƙarama ta haifi babba, kuma in ka san uwar, ko ba ka taɓa ganin 'yar ba za ka gane ta da kama. "Kamar noma da manomi," in ji shi. "Kin ji hos a farkon kalma, to ki sani maganar baƙo da mai masauki ake yi. Ba sai an gaya miki ba." Yana faɗa yana ɗaga yatsa kamar mai wa'azi.

Wadda ta fi ba ni wahala ita ce sabstitiyut. Na yi ta cizon harshe a kanta har na rantse na bari, shi kuwa ya nace. Ya ce ma'anarta madadi, abin da aka sa a gurbin wani in wancan babu. Ranar da na iya ta, da gangan na yi masa miyar kuka alhali ya ce kuɓewa yake so. Na dire ƙwaryar a gabansa na ce, "Ungo sabstitiyut ɗinka." Wallahi bai ji haushin miyar ba. Tashi ya yi ya zagaya tsakar gida yana tafi, wai matarsa ta fi matan Katsina duka ilimi. Tun daga ranar kalmar ta zama abin wasanmu, mu biyu kaɗai.

Ina da wa guda ɗaya, Yaya Buba. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya aurar da ni, shi ya sayar da bijiminsa ya yi mini gara. Ƙato ne mai babbar murya, ga son baƙi kamar me. Zaurensa ya fi na kowa girma a garin, kuma 'yar Mai gari Sada yake aure, don haka duk baƙon da ya fi ƙarfin masallaci gidansa ake kai shi. In baƙo zai tafi, Yaya Buba ba ya barin kowa ya yi masa rakiya sai shi.

Rakiya kuwa a Mahuta tana da iyaka. Ana kai baƙo Rafin Kanya, a tsaya a bakin ruwa, a yi masa addu'a, a juyo. Mai rakiya ba ya tsallake ruwan. Tsofaffi sun ce in ya tsallake, ya raka albarkar gidansa ta bi baƙon. Ko yaro ya san wannan, balle Yaya Buba.

Ƙarshen damina ne, dawa ta fi mutum tsawo ta fara fitar da kai, sai ga wani Bature ya ɓullo ta hanyar Zariya. Yana kan doki, da jakuna, da 'yan dako ɗauke da akwatuna, da dakaru masu bindiga, baƙaƙe daga can bakin teku waɗanda ko "sannu" ba su sani ba. Aka ce Sakkwato ya nufa. Mata muka hau turame muna leƙe ta saman danga. Aka sauke shi a zauren Yaya Buba, aka yanka masa rago.

Baturen yana da tafinta, wani dattijo Malam Abdussamad, amma a kan jaki aka shigo da shi, zazzaɓi ya kayar da shi ba ya ko iya ɗaga kai. Aka kwantar da shi a ɗakin baya. Nan fa aka tuna da mijina. Ku zo ku ga Malam! Ya yi wanka, ya sa rigar sallah, ya tafi yana taku ɗai-ɗai. Da ya dawo cin abinci bai iya ci ba don murna. "Na ce masa hosfitaliti, Shafa'atu. Kin ga yadda ya zaro ido? Bai taɓa zaton zai ji ta a nan ba."

Washegari aka wayi gari babu 'yan dako. Ko ɗaya. Ashe a hanya bulala suke sha, suka ga dawa ta rufe ƙasa, suka sulale cikinta kafin asuba.

Baturen ya fito ƙofar zaure fuskarsa ja kamar barkono. Aka kira Mai gari da dattawa. Ni ina cikin gidan Yaya Buba tare da matarsa, muna jin komai ta tsagar danga. Baturen yana ihu, yana buga bulala a takalminsa, Malam yana juya maganar da Hausa.

"Ranka ya daɗe, ya ce mu muka ɓoye masa mutane."

Mai gari ya rantse da Allah ba mu ga ko ƙeyarsu ba.

Aka yi ta ja. Daga baya Baturen ya ɗan sauko, ya yi doguwar magana yana nuna akwatunan. Malam ya ce, "Ya ce ba zai zauna ba. Zai wuce da jakuna da kayan da za su iya ɗauka, ya jira a Kwatarkwashi. Sauran akwatunan zai bar su nan tare da tafintansa. Mu nemo masu ɗauka a cikinmu, mu kai masa su ba a taɓa ko ɗaya ba. Ni kuma in tsaya in kula da wannan."

Mai gari ya ce an yarda. Yo wa zai ƙi, ga bindigogi a tsaye?

Sai Baturen ya juya ya dubi dattawan ɗaya bayan ɗaya. Idonsa ya tsaya a kan Yaya Buba, wanda ke zaune dab da Mai gari cikin babbar riga. Ya nuna shi da bulala ya faɗi wata kalma. Ya sake faɗa da ƙarfi. Ni ma na ji ta sarai: hosteji.

Na ga Malam ya yi jim. Na san fuskar mijina, na san bai taɓa riƙe wannan kalmar ba. Leɓensa ya motsa yana juya ta. Sai kuma na ga fuskar ta washe, yatsan nan ya tashi sama.

"Ranka ya daɗe, alheri ne. Hos, mai masauki. Ga shi kuwa mai masaukinsa ya nuna. Yana so Yaya Buba ya yi masa rakiya, don ya ji daɗin saukar da aka yi masa."

Dattawa suka sauke ajiyar zuciya. Yaya Buba ya bushe da dariya ya ce, "Ashe ma ya san al'ada! Ai ko bai ce ba zan raka shi." Ni kaina a bayan danga sai da na ji wani alfahari. Na ce wa matar Yaya, "Kin ji ko? 'Yar hos ce. Ni ma na gane."

Da hantsi suka tashi. Dakaru biyu suka sa Yaya Buba a tsakiya, ɗaya dama ɗaya hagu, shi kuwa yana ta ɗaga wa mutane hannu, ya ɗauka girmamawa ce. Da ya zo wucewa ta gabana ya ce, "Shafa'atu, ki ce a ajiye mini fura. Ina kai shi bakin rafi zan juyo."

Malam ya wuce ƙofar Mai gari don a tsara waɗanda za su ɗauki kaya. Ni kuma matar Yaya ta dama kunun tsamiya ta ce in kai wa maras lafiya, tun da ita tana da goyo. Na tarar da Malam Abdussamad a kwance gumi ya jiƙa shi, amma idonsa a buɗe. Hausarsa da ɗan karkace take, sai dai ana ganewa.

"Sannu Malam. Ga kunu."

"Sannu 'yata. Gidan ya yi tsit. Ina mutumin?"

"Ya wuce. An bar ka da akwatuna sai ka ji sauƙi."

"Haka kawai ya wuce? Wannan mutumin? Bai kama kowa ba?"

Ni da rawar kaina, ina so ya san ba da jahila yake magana ba, sai na ce, "Kama wa? Rakiya ma ya nema. Yayana ne hosteji ɗinsa."

Ƙwaryar kunun ta kusa suɓucewa daga hannunsa. Mutumin da ba ya iya ɗaga kai sai ga shi ya dafa bango ya tashi zaune.

"Me kika ce?"

"Hosteji. Mai masauki. Mijina ya ce 'yar hos ce."

"Innalillahi. Ba 'yarta ba ce, 'yata, kama ce kawai. Kin san jingina? Yadda ake ajiye mutum a hannun wani har sai an cika alkawari? To ita ce. Ya riƙe ɗan'uwanki jingina saboda akwatunan nan. In kaya sun isa lafiya ya sake shi. In ba su isa ba, ko ya yi yunƙurin gudu..." Haki ya katse shi. "Dakarun nan an ba su umarni. Na ga sun yi a ƙasar Nufe, da idona. Wanda ya juya musu baya harbi ne."

Na ce, "Malam, ai zai juya. A Rafin Kanya zai juya. Ba ya tsallake ruwa."

"Ya san jingina ne shi?"

"Rakiya aka ce masa!"

"To ki tashi. Me kike jira a nan? Tashi!"

Ban san yadda na fita ba. Na bar mayafina a ƙofar ɗakin. Na ratsa gari da gudu, kaji na watsewa, na faɗa tsakiyar maza a ƙofar Mai gari, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Wani dattijo ya ce, "Ke, lafiya? Ba ki da kunya ne?" Ban ko dube shi ba. Na tsaya a kan mijina.

"Kai wannan! Ka kashe mini ɗan'uwa! Jingina ce, ba rakiya ba. Tafintan ya faɗa. Hosteji jingina ce, kuma in ya juya harbe shi za su yi!"

"Ke Shafa'atu, ki natsu. Hos ai..."

"Hos ɗin uwar wa! Ka taɓa jin kalmar ko ba ka taɓa ji ba?"

A gaban mutane na faɗa masa haka, Allah ya yafe mini bakina. Ya buɗe baki zai yi magana, sai na ga wani abu ya faɗo masa. Ya ce a hankali, kamar da kansa yake, "A Lakwaja... akwai ɗan wani sarki da suka ajiye a cikin jirgi. Ba ya sauka. Ina jin abin da suke kiransa ke nan." Ya dube ni. Ban taɓa ganin tsoro irin wannan a idon namiji ba.

Mai gari ya ce a kawo doki. Dokin yana can fadama an kai shi kiwo. Malam bai jira ba. Ya tuɓe rigar sallar ya yar, ya faɗa cikin dawa. Hanyar jakuna zagaye take yi ta bayan dutse, amma in mutum ya ratsa gonaki kai tsaye zai iya yanke ta. Na tattare zanena na bi shi. Aka yi ta kirana, ban waiga ba.

Ganyen dawa yana yanka fuska, ƙasa jiƙe, kunyoyi suna harɗe ƙafa. Ba na ganinsa, ƙarar karan da yake turewa kawai nake bi. Na faɗi, na tashi, ƙaya ta shige mini tafin ƙafa ban tsaya cirewa ba. Abu ɗaya ne a kaina: jakuna ba sa sauri da kaya, jakuna ba sa sauri. Ina gudu ina roƙon Allah ya sa wani jaki ya yi gardama, ya sa kaya su zube, ya sa Yaya ya tsaya gaisawa da wani. Ina kuma zagin Turanci da wanda ya ƙirƙiro shi da akawun Saliyo da jirgin da ya kawo shi.

Da na fito daga dawar sai ga kanyar, ga rafin ya cika da ruwan ƙarshen damina. Rabin jakunan sun riga sun tsallake. Baturen yana tsakiyar ruwa a kan doki. Yaya Buba yana tsaye a bakin gaɓa, ya ɗaga hannu biyu yana addu'a da babbar muryar nan tasa. "Allah ya kiyaye hanya, Allah ya kai ka lafiya, Allah ya sa ka tarar da iyali lafiya." Ɗaya daga dakarun yana tura shi da hannu yana nuna masa ruwa. Yaya ya yi murmushi ya girgiza kai, ya nuna ƙasa, wato nan ce iyakarsa. Ya shafa addu'a.

Ya juya.

Na ji ƙarar da bindiga take yi in an ɗana ta. Na so in yi ihu, numfashi ya ƙi. Dakaren ya ɗaga ta ya saita tsakiyar bayan babbar rigar, Yaya kuwa yana tafiya abinsa yana gyara hula.

Sai Malam, da ya ɓullo daga dawar ta can ƙasan rafi, ya faɗo tsakaninsu. Daga shi sai wando, jikinsa duk yankan ganye, ya ware hannuwa a gaban bakin bindigar yana ihu da Turanci. Baturen ya daka tsawa, dakaren ya tsaya amma bai sauke ba. Ɗayan ya sha gaban Yaya ya buga masa gindin bindiga a ƙirji har ya zauna a ƙasa.

"Kai! Wane irin rashin mutunci ne wannan?" in ji Yaya. "Aƙilu, gaya musu ni ne mai masaukin!"

Malam bai kula shi ba. Baturen ya juyo da doki ya fito daga ruwa, yana magana da zafi yana nuna Yaya, yana nuna ƙetare. Malam yana amsawa, yana haɗa hannu, yana nuna rafin, ina jin yana ƙoƙarin bayyana masa al'adar. Amma manyan kalmomin nan duk sun gudu sun bar shi. Sai in'ina yake yi. Baturen ya girgiza kai. Ya faɗi kalmar nan kuma, hosteji, ya yi wa dakarun alama su ɗaga Yaya su tsallaka da shi.

Na san ɗan'uwana. Ko za a yanka shi ba zai taka ruwan nan yana mai rakiya ba. Ya riga ya fara fizge hannu yana cewa, "Ku sake ni! Ni ba na tsallakewa!" Kuma ƙato ne, in ya fizge sai sun faɗi, in sun faɗi kuwa sai harbi. Wanda ya ɗana bindigar ya ja da baya don ya sami wuri.

Malam ya waiwaya ya gan ni a bakin dawa. Ban san ya san na biyo shi ba sai lokacin. Ya dube ni kaɗan. Sannan ya juya ga Baturen, ya daki ƙirjinsa da tafin hannu, ya faɗi kalma ɗaya, a fili, ba in'ina.

"Sabstitiyut."

A duk mutanen Mahuta, rayayyu da matattu, ni kaɗai ce na san abin da ya ce.

"A'a!" na ce. "Malam, a'a!"

Ya sake dukan ƙirji ya maimaita. Baturen ya kalle shi daga sama har ƙasa. Ina jin lissafi yake: tun hantsi yake tafiya ba wanda ke jin maganarsa, ga kuma ƙaton da ba zai tafi sai da kokawa ba. Ya ɗan yi murmushi ta gefen baki. Ya ɗaga bulala, dakarun suka saki Yaya suka koma gefen mijina, ɗaya dama ɗaya hagu.

Malam ya ce da Hausa, muryarsa ƙalau kamar ba komai, "Yaya Buba, ka koma gida. Ni zan ƙarasa masa. Ka gaya wa Mai gari a gaggauta kayan nan, kada a taɓa ko igiyarsu." Sannan ya ce mini, "Shafa'atu, rigata tana ƙofar Mai gari. Ki ɗauke kada akuya ta ci."

Abin da ya ce mini ke nan. Riga! Na so in tsine masa, na so in riƙe ƙafarsa, na kasa ko ɗaya. Ina tsaye ya shiga ruwan, ya kai masa gwiwa, ya kai masa ƙugu, ya fita a ƙetare. Bai waiwayo ba, kuma na san dalili, don an riga an gaya mana abin da ke samun wanda ya juya.

Mai gari bai yi wasa ba. Kafin rana ta faɗi an tara samari majiya ƙarfi, washegari suka ɗauki akwatunan, Yaya Buba da kansa ya duba kowane ɗauri. Malam Abdussamad ne ba a iya ɗauka ba, jikin ya ƙi. Na yi ta jinyarsa kamar ubana, ina dafa masa sabara, ina ba shi kunu a baki, don na san in ya warke ya koma bakin aikinsa, ba abin da Baturen zai yi da mijina. Ranar Juma'a ya cika. A maƙabartarmu aka binne shi, yana can har yau kusa da mahaifinmu.

Samarin suka dawo daga Kwatarkwashi su kaɗai. Suka ce kaya sun isa lafiya, Baturen ya ƙirga ya ga daidai. Ya tambayi labarin tafintansa, suka faɗa, mijina ya juya masa cewa an bar shi rai a hannun Allah. Sai Baturen ya yi dariya, ya dafa kafaɗar Malam, ya faɗi wata doguwar kalma. Suka ce ba su iya riƙe ta ba, amma da "sab" ta fara. Na ce su bari, na sani.

Aka girbe dawa, aka tsinke auduga. Fatake suka ce sun gan shi a Sakkwato. Wasu daga baya suka ce a Bida, yana tsaye bayan kujerar Nasara yana juya magana, ya rame. Daga nan ban sake jin komai ba. Rigar tana nan a cikin adudu, akuya ba ta ci ba.

Amma ku bari in koma ranar, don akwai abin da ban faɗa ba. Da ayarin ya ɓace a ƙetare, Yaya Buba ya tashi yana kakkaɓe riga yana shafa ƙirjinsa. Har lokacin bai gane komai ba. Ransa a ɓace yake, ba don dukan ba, don an ƙwace masa baƙo.

"Kin ga mijinki ko?" in ji shi. "Son girma! Baƙona ne, a gidana ya sauka, ya zo ya karɓe mini rakiya. Kuma ya tsallake ruwa, ko tunanin albarkar gidansa bai yi ba. Me ma ya ce wa Baturen ne? Ke ai ya koya miki."

Na zauna a gindin kanyar na fara cire ƙayar da ke ƙafata, don hannuna ya sami abin yi.

"Shafa'atu, da ke nake. Mece ce ma'anarta?"

Na ce, "Ma'anarta, Yaya, furarka tana gida tana jiranka. Ni kuma yau tuwon mutum ɗaya zan tuƙa."